LILON WAYA A BAYAN GIDA: ABIN DA YA KAMATA MAGIDANCI YA SANI KAFIN YA ƊAURA SHI

Daga Wakilinmu

Akwai wani irin wasa da ya yaɗu a ƙasashen duniya, wanda Turawa ke kira zif-layin, mu kuwa muna iya ce masa lilon waya. Yadda yake shi ne, a ɗaura igiyar ƙarfe daga wuri mai tudu zuwa wuri mai gangare, a ɗora mata wata 'yar tayar ƙarfe mai kwarmi irin wadda ake sa wa a bakin rijiya don jan guga, a rataya mazauni a jikinta, sa'an nan mutum ya hau, nauyin jikinsa ya zarce da shi har ƙarshen igiyar. Yara suna ganinsa a talabijin da wayoyin hannu, kuma ba wuya su matsa wa iyaye, ko su ɗauko igiyar shanya su gwada da kansu. Saboda haka ya kamata magidanta su san yadda abin yake, da inda haɗarinsa ya ke.

ASALINSA

Tun asali hanyar sufuri ce ta mazauna duwatsu. A kwarin kogin Nujiang da ke lardin Yunan na ƙasar Sin, mutane sun daɗe suna ƙetare ruwa a kan igiya, su da kayansu har da dabbobinsu, kafin hukuma ta maye gurbin yawancin igiyoyin da gadoji. A cikin shekarun 1970 kuma wani masanin halittu Ba'amurke, Donald Perry, ya riƙa amfani da igiyoyi don yin bincike a ƙololuwar itatuwan dajin Kosta Rika, kuma a wannan ƙasa ce daga baya abin ya zama sana'ar jawo masu yawon buɗe ido. A shekarar 2018 aka buɗe wani a dutsen Jabal Jais na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, mai tsawon kilomita 2.83.

Irin waɗannan manya injiniyoyi ne ke kafa su, ana kuma duba su a kai a kai. Na bayan gida kuwa babu mai duba shi sai mai gidan.

ABIN DA ASIBITOCI SUKA GANI

A shekarar 2015 wasu masu bincike na asibitin yara na Nationwide da ke birnin Kolumbus a jihar Ohayo ta Amurka suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi. Sun ƙiyasta cewa daga 1997 zuwa 2012 mutane 16,850 aka kai sashen gaggawa na asibitocin ƙasar saboda raunin da suka samu a lilon waya. Wajen kashi 45 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara goma. Kashi 77 cikin ɗari faɗowa suka yi, kusan rabin raunukan kuwa karaya ce. Masu binciken ba su goyi bayan a riƙa haɗa shi a gida ba. Don haka duk wanda ya ƙuduri niyyar yi, to ya sani ya ɗauki nauyi babba, kuma darasin farko da waɗannan alƙaluma ke koyarwa shi ne kada a ɗaga shi sama ƙwarai, tun da faɗowa ita ce uwar ɓarna.

INDA ZA A ƊAURA

Farkon abin dubawa shi ne itatuwa biyu da za su riƙe igiyar. Ana son itace rayayye, miƙaƙƙe, wanda kaurin gindinsa daga gefe zuwa gefe bai gaza santimita 30 ba, wato ƙafa ɗaya, a daidai wurin ɗaurin. Maɗaci da tsamiya da darbejiya da ta manyanta suna iya yi, muddin babu kogo ko gara a jikinsu. Kuka, duk da girmanta, cikinta laushi gare shi, ba a dogara da ita. A jikin gangar itacen ake ɗauri, ba a reshe ba, kuma a jera gutattakin katako tsakanin waya da ɓawo, domin in waya ta shaƙe ɓawon itace sannu a hankali sai ta kashe shi.

Kada a kuskura a ɗaura a katangar ƙasa ko ta bulo, ko ginshiƙin baranda, ko ƙarfen tankin ruwa, balle turken wutar lantarki. In babu itatuwa, sai a nemi injiniya ya tsara turaku da za a binne da kankare, a kuma ɗaure su ta baya. Ma'aikacin da ke zaune a gidan gwamnati ko gidan haya ya fara neman izni tukuna.

LISSAFIN DA YA KAMATA ƊALIBAI SU LURA DA SHI

Mutane da dama suna zaton in igiya za ta iya ɗaga kilo 100, to ta isa ta ɗauki mai kilo 60. Wannan kuskure ne mai halakarwa. Igiyar da aka miƙar a kwance tana shan ja wanda ya ninka nauyin mahayinta sau da yawa, kuma gwargwadon tsananin ɗaurinta gwargwadon yawan jan. Ƙa'idar ita ce a ninka nauyin mutum da tsawon igiya, sa'an nan a raba da ninki huɗu na lotsawar da igiyar ta yi sa'ad da yake tsakiyarta.

Ga misali. Igiya mai tsawon mita 30, mahayi mai kilo 60, ta lotsa santimita 60: jan da kowane itace zai sha ya kai kimanin kilo 750. In aka ƙara tamke ta har lotsawar ta koma santimita 30, jan ya zama kilo 1,500. Wannan shi ne dalilin da ya sa katanga ba ta iya riƙewa, shi ya sa kuma ba a ɗaure wayar tamau kamar tsirkiya. Akan bar ta ta lotsa kamar kashi 2 cikin ɗari na tsawonta.

Ma'aikatan ɗaga kaya sukan zaɓi igiyar da ƙarfinta ya ninka aikin da za ta yi sau biyar, wato kilo 3,750 ke nan a misalinmu. Igiyar ƙarfe mai laushi wadda aka shafe da tutiya, irin da ake kira 7x19, in kaurinta milimita 8 ne tana tsinkewa a wajen kilo 4,400. Mai milimita 10 kuwa a wajen kilo 6,500. Tun da ɗaurin bakin waya yakan rage mata ƙarfi da kamar kashi ɗaya cikin biyar, mai milimita 10 ita ce ta kwanciyar hankali. Igiyar roba, da ta rama, da tsohuwar wayar da aka tsinto a kasuwar 'yan gwangwan, duk ba su da gurbi a wannan aiki.

GANGARE DA BIRKI

Gangaren da ya dace shi ne kashi 3 cikin ɗari, kada kuma ya wuce 6 ko da akwai birki mai kyau. A fili mai shimfiɗe, igiya mai mita 30 sai a ɗaura farkonta a tsayin mita 3, ƙarshenta a mita 2.1. In mazaunin ya sauko mita 1.2 daga wayar, yaro zai tashi daga ƙasa da mita 2, ya yi yawancin tafiyarsa bai kai mita ɗaya daga ƙasa ba. Ko a wannan ɗan gangare gudun yana iya kusantar kilomita 15 a awa, wato gudun keke, kuma babu mai son ɗansa ya yi karo da gindin itace a kan keke. Saboda haka tilas a sa birki nesa da itacen ƙarshe, aƙalla mita 3: ko dai dogon sifirin na ƙarfe da aka zura a wayar, ko guntun katako mai zamewa da aka ɗaure da igiyar roba mai talewa zuwa wani turke a gefe. A bayansa a ƙara zura tsohuwar tayar mota don ko-ta-kwana. Ba a tsayar da lilo da hannu.

ƊAURIN BAKIN WAYA

A nan ne aka fi yin sakaci. Ba a ƙulla igiyar ƙarfe kamar ta guga, ba a kuma yi mata walda. Lanƙwasa bakin ake yi a kan wani ƙarfe mai siffar zuciya don kada ta karye, sa'an nan a matse da maɗaurai masu noti biyu, aƙalla guda uku, tazarar da ke tsakaninsu ta kai ninki shida na kaurin wayar. Kowane maɗauri yana da sirdi da kuma lanƙwasasshen ƙarfe. Sirdin a kan doguwar wayar da ke ɗauke da nauyi yake zama, lanƙwasasshen ƙarfen kuwa a kan guntun bakin da aka naɗo. In aka juya su, wayar takan tauye ta yi rauni. Tayar da za ta bi wayar kuma ta zama rufaffiya wadda aka ƙera don wannan aiki, mai taya biyu, yadda ba za ta iya kauce wa igiya ba, yatsa kuma ba zai shiga ba.

Kafin ɗan Adam ya hau, a cika buhu biyu da yashi, kowanne kamar nauyin buhun siminti, wato kilo 50, a rataya su a sake su sau da dama. A duba ko sun taɓa ƙasa, ko birki ya tsayar da su, ko wayar ta zame. Bayan haka a sake ɗaure kowane noti da sifana, domin waya takan ɗan motse bayan ta ɗauki nauyin farko. A share duwatsu da kututture daga ƙarƙashin layin da kuma mita ɗaya da rabi a kowane gefe, a zuba rairayi mai kauri a wurin hawa da wurin sauka.

DOKOKIN HAWA

Mutum ɗaya ne a lokaci ɗaya, a zaune, da hular kwano, kuma babba yana tsaye. Ƙaramin yaro a ɗaura masa ɗamara da aka maƙala a jikin tayar, don ƙarfin hannunsa ba abin dogaro ba ne. A kula ƙwarai da gyale da hijabi da babbar riga da dogon kitso, domin taya tana iya naɗe su cikin ƙiftawar ido. A soke su cikin riga ko a sa kaya matsattsu. Kada kowa ya tsaya a kan hanyar lilo. In hadari ya taso a sauka, saboda tsawa. In an gama wasa a cire mazaunin a kai ɗaka, ko a sa wa tayar kwaɗo, don 'ya'yan maƙwabta kan shigo sa'ad da masu gida ba sa nan.

Daɗin daɗawa, aikin ba ya ƙarewa ranar da aka ɗaura. Kowace ranar wasa a duba noti da birki. Bayan damina a bi wayar da tsumma daga farko har ƙarshe. Inda tsumman ya maƙale, silin waya ya tsinke ke nan, kuma wayar da ta fara tsinkewa ko ta yi tsatsa canza ta ake yi ɗungum. A duba gindin itatuwan ko gara ta shiga.

Magidancin da ya ga ba zai sami kayan ƙwarai ba, ko ba shi da sukunin tsayawa a kan yara, gara ya haƙura ya ɗaura musu shillo na gargajiya a ƙarƙashin mangwaro. Wanda kuwa ya ga zai iya, to ya nemi injiniya ya duba masa aikin kafin yaro na farko ya hau. Rigakafi dai, in ji masu iya magana, ya fi magani.