Yadda zaman aiki yake a ƙananan ofisoshin lauyoyi na arewacin Kano

A yankunan Bichi da Ɗambatta da Dawakin Tofa da ke arewacin jihar Kano, inda gonaki suka haɗe da juna babu sauran daji a tsakani, rikicin iyakar gona da na rabon gado na daga cikin abubuwan da ke yawan kai jama'a gaban alƙali.

Lauyoyin da ke tsaya wa manoma a irin waɗannan shari'u galibi daga ƙananan ofisoshi suke fitowa, inda za a iske babban lauya guda, da ƙaramin lauya ɗaya ko biyu, da akawu, da kuma masinja.

Irin zaman da ake yi tsakanin waɗannan mutane ƙalilan yana shafar manomin da gonarsa ke gaban kotu kai tsaye. Idan ƙaramin lauya ya ajiye aiki a tsakiyar shari'a, sai wani ya zo ya soma karanta fayil ɗin daga farko, shari'a kuma ta yi ta ɗaguwa har damina ta wuce.

Inda doka ba ta kai ba

A watan Yulin 2024 ne shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta mayar da albashi mafi ƙanƙanta naira 70,000 a wata.

To sai dai dokar ba ta hau kan ma'aikatar da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba. Haka nan dokar ƙwadago ta Najeriya ta cire masu aikin ƙwarewa, irin su lauyoyi, daga cikin waɗanda take kira ma'aikata.

Ma'ana dai, matashin da ya gama makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda ya kama aiki a ofishi mai mutum biyar, ba shi da wata madogara sai abin da suka shirya da maigidansa. Sau da yawa kuma shirin na fatar baki ne kawai, abin mamaki a sana'ar da kullum take gargaɗin mutane da su rubuta yarjejeniya.

Saboda haka gyaran zama a irin wannan ofishi daga takardar ɗaukar aiki yake farawa, wadda za ta fayyace albashi da ranar biyansa, da hutu, da kuma wanda zai ɗauki nauyin kuɗin mota zuwa kotu. Batun kuɗin motar ya ƙara nauyi tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Da irin wannan takarda ce ma lauya zai iya dogara idan saɓani ya kai su Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Samu na bin kaka

Wani abin da ya bambanta aikin lauya a karkara shi ne yanayin samu. Manomi ba ya riƙe da kuɗi sai da kaka, bayan ya kai gero ko wake ko gyaɗa kasuwa, don haka biyan lauya kan zo ne a gutsuttsure.

Shi kuwa akawu da ƙaramin lauya, cefanen gidajensu ba ya jiran kaka. Ofishin da bai ware wani abu lokacin wadata domin albashin watannin bazara da damina ba, yakan wayi gari ma'aikatansa na binsa bashi.

A nan ne haɗari yake. Ƙa'idojin aikin lauya, waɗanda aka sabunta a 2023, sun hana cakuɗa kuɗin wanda ake karewa da na ofis, kuma kwamitin ladabtar da lauyoyi na da ikon soke sunan wanda ya ci amana. Akawun da ya yi wata uku ba albashi, ga kuma kuɗin cinikin gonar magada na ratsawa ta hannunsa, an jefa shi cikin jarrabawar da bai kamata ba.

Maigida da yaransa

A ƙasar Hausa an saba koyon sana'a a ƙarƙashin maigida, aikin lauya kuma dama ya ginu ne kan girmama wanda ya riga ka shiga. Wannan na da amfaninsa, domin a bayan babban lauya ne ƙarami ke koyon yadda ake yi wa shaida tambayoyi, da bambancin tafiyar da ƙara a kotun majistare da ta shari'ar Musulunci.

Amma kunya kan hana ƙaramin lauya faɗa wa maigidansa cewa wa'adin ɗaukaka ƙara ya kusa cika, ko kuma an yi kuskure a wata takarda. Zama na ɗan lokaci a farkon kowane mako, inda za a bi shari'u ɗaya bayan ɗaya kowa ya faɗi abin da ya gani, yakan rage wannan matsala. Haka ma idan gyara zai zo, ya zo bayan an rufe ƙofa, ba a harabar kotu a gaban jama'a ba.

Matsalar dai ba ta tsaya ga Najeriya ba. Wani bincike da ƙungiyar lauyoyi ta duniya, IBA, ta wallafa a 2019, bayan jin ta bakin mutane kusan 7,000 a ƙasashe 135, ya gano cewa kimanin rabin matan da kashi ɗaya bisa uku na mazan sun fuskanci muzgunawa a wurin aiki.

A babban kamfani akwai sashen da ake kai koke. A ofishi mai mutum biyar kuwa, wanda za a kai wa ƙarar sau da yawa shi ne wanda ake ƙorafi a kansa, abin da ya sa rassan ƙungiyar lauyoyi ta Najeriya, NBA, na Kano da Ungogo suka zamo wurin da ya fi kusa da ƙaramin lauya zai iya kai kukansa.