Gishiri, danshi da siminti: yadda ake gyaran tsofaffin gidajen Jidda

Alhazanmu da dama sun san unguwar Balad a Jidda, amma a matsayin kasuwa suka san ta, wurin sayen darduma da turare da jallabiya kafin jirgi ya tashi. Kaɗan ne ke ɗaga kai sama. Wanda ya ɗaga kuwa zai ga benaye masu hawa huɗu, biyar, wasu har shida, fuskarsu lulluɓe da katako mai sassaƙa. Wasu sun sha gyara, wasu an tokare su da ƙarafa don kada su kwanta a kan maƙwabtansu. Saboda waɗannan gidaje ne hukumar UNESCO ta sanya tsohuwar Jidda cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2014, kuma a kansu masana gini ke ta kai-komo: yaya za a mayar da gidan ƙarni na 19 wurin zaman mutumin yau, mai son famfo da lantarki da sanyin esi, ba tare da an kashe gidan ba?

Garin ya tsufa ƙwarai. Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan aka mayar da shi tashar jiragen ruwan Makka. Sai dai galibin manyan gidajen da ke tsaye yanzu na attajiran da suka yi kuɗi ne bayan buɗe mashigin Suwez a 1869, lokacin da jiragen ruwa masu aiki da tururi suka riƙa sauke kaya da mahajjata babu ƙaƙƙautawa. Gidan Nasif, wanda aka gama a 1881, shi ya fi suna. A nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shiga Jidda a 1925. A ƙofarsa akwai wata tsohuwar darbejiya, wadda mutanen garin ke cewa an yi zamanin da ita kaɗai ce bishiya a cikin ganuwa.

Abin da aka yi ginin da shi ne tushen maganar duka. Maginan Jidda ba su da dutse mai tauri a kusa, sai dutsen murjani da suke haƙowa a gaɓar Bahar Maliya, wanda suke kira manƙabi. Dutse ne mara nauyi, mai laushi, cike da ƙananan ramuka, har wani lokaci ana ganin ɓawon halittun ruwa a jikinsa. Da laka ake ɗora shi, sannan a shafe bangon da farar ƙasa. Bayan kowane 'yan layuka na dutse sai a shimfiɗa katako a kwance cikin bangon, abin da suke kira takalil. Katakon yana rarraba nauyi, yana hana tsaga ta yi tafiya daga ƙasa har sama. Yana da wani amfanin kuma: idan duwatsun ƙasa suka ci, magini na iya tokare layin katakon, ya zare ruɓaɓɓun, ya sa sababbi, alhali bene na tsaye. Wato tun ranar da aka aza harsashi an san gidan zai nemi gyara, an kuma bar wa mai gyaran hanya.

Sai tagogin nan na katako da suka turo waje, rawashin. Mai wucewa ado yake gani, mai gida kuwa iska yake nema. Jidda gari ne mai zafi da gumi, inda kauri na bango kaɗai ba ya isa, dole iskar teku ta ratsa ɗaki ta fita. Katakon yana tare rana, yana barin iska, yana kuma suturta matan gida daga idon titi. A cikinsa akan yi dakali na zama da kishingiɗa, a ajiye tulun ruwa a inda iska za ta buge shi.

Babban abokin gabar irin wannan gida yana ƙarƙashin ƙasa. Ruwan ƙasa a Jidda yana kusa, kuma yana da gishiri. Bango yana tsotsarsa sama sannu a hankali. Ruwan ya bushe, gishirin ya tsaya, ya daskare cikin ramukan dutse yana faɗaɗa su har su farfashe. Shafen farar ƙasa yana barin danshi ya fita, don haka gishirin yakan taru a jikin shafen, shi ne zai ɓarɓashe. A kankare shi, a sake wani, dutse na nan lafiya. Shafen dama an yi shi ne don ya lalace a madadin bangon.

Da siminti ya zo, sai aka ga kamar an huta da wannan wahala. Mai gida ya sa a yi filasta mai ƙarfi, a bi da fentin mai, ko ma a manna tayil daga ƙasa zuwa ƙugu. Shekara ɗaya, biyu, bango sumul. Amma danshin bai daina hawa ba, ƙofar fita kawai aka rufe masa. Sai ya ƙara yin sama yana neman mafita, ya kai ga katakon takalil ya ruɓar da shi, gara ta samu abinci, dutse kuma ya koma gari a bayan filastar. Idan ka ƙwanƙwasa irin wannan bango da bayan yatsa za ka ji yana amsawa kamar babu komai a ciki. Wata rana ɓangare guda ya ɓalle, a ga abin da ke baya ana iya ɗibarsa da hannu. Duk wanda ya ga yadda filastar siminti ke ɓamɓarewa daga gidan ƙasa a Kano ko Zariya ko Agadas bayan damina, ta taho da rabin katangar, ya riga ya san ciwon. Shi ya sa aikin farko na mai gyara na gaskiya a Balad shi ne cire simintin da na baya suka sa, a bar bango ya sha iska, kafin a yi maganar ado.

Ruwan famfo ma ya yi nasa ɓarnar. An gina gidajen nan ne a lokacin da ruwa ke da tsada, 'yan garuwa ke kawo shi, ana tattalinsa. A 1947 aka jawo ruwa daga Wadi Fatima, a shekarar kuma aka rushe ganuwar garin. Daga baya kowane hawa ya samu banɗaki, bututu ya ratsa bangon da ba a tsara shi don haka ba, kuma Jidda ta daɗe ba ta da wadatattun magudanun ƙazanta, sai ramukan sokawe da motocin kwasa. Duk yoyon da aka yi, ƙarƙashin harsashi yake tafiya. Ambaliyar Nuwamban 2009, wadda ta kashe mutane fiye da 100 a birnin, ta nuna yadda matsalar magudanai ta kai.

Saboda haka mai zanen gyara yakan fara da tambayar inda ruwa zai bi. Akan tara banɗakuna da kicin a gefe guda, ɗaya bisa ɗaya, bututu ya sauka ta hanya ɗaya da za a iya buɗewa a duba, maimakon a binne shi cikin dutse. Ba a zuba deken kankare a inda ake da daɓen katako, domin bangon ba zai ɗauki nauyin ba. Esi kuwa sai da lura: ruwan da yake ɗigarwa a jikin bango dare da rana ya isa ya ci kusurwar gida, kuma ɗakin da aka toshe aka sanyaya ƙwarai yana sa raɓa ta kwanta a inda sanyi ya haɗu da gumin waje. Wayar lantarki ta fi duka gaggawa, don gobara ta cinye gidaje da dama a unguwar, kuma lungunan sun yi wa motar kashe gobara ƙunci.

Akwai kuma abin da ba na dutse ba. Da kuɗin man fetur ya shigo, iyalan da suka gina gidajen suka koma sababbin unguwanni a arewacin birni, suka bar su ga 'yan haya marasa ƙarfi, aka yanka zaure ɗaya ya zama ɗakuna uku. Gida ɗaya na iya zama na magada da yawa, ko wakafi, babu mai cewa shi zai cire kuɗin gyara. Magajin garin Jidda na wancan lokaci, Muhammad Sa'id Farsi, ya sa an yi wa ɗaruruwan gidaje rajista don a hana rushe su, amma rajista ba ta toshe yoyo. A 2019 yarima mai jiran gadon Saudiyya ya bayar da riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da ke gab da faɗuwa, kuma zuwa 2024 an mayar da wasu gidajen unguwar, irin su gidan Jokhdar, ƙananan otal-otal. Otal ya fi kango, babu musu. A ganina dai unguwar da ta zama ta baƙi zalla ta yi asarar wani abu: mazaunin gida ne ke lura da tsagar da ta fito jiya, shi ke jin warin danshi kafin injiniya ya zo da na'urarsa.

Kada a ɗauka sabon gini ya tsira. A bakin teku gishiri yana ratsa kankare ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Gine-gine da yawa da aka yi cikin gaggawa a gaɓar Bahar Maliya da Tekun Fasha a shekarun 1970 sun tsufa kafin lokacinsu saboda an kwaɓa su da yashi ko ruwa mai gishiri. Maganin sananne ne, tsada ce ke sa a kauce masa: wankakken yashi, ruwa mai daɗi, kwaɓi mai ƙarfi, da kaurin kankare na kamar santimita 5 ko fiye a kan rodi.

Wasu masu zane sun koma makarantar Balad. Abdulwahid al-Wakil, Bamisire almajirin mai zanen gini Hasan Fathi, ya gina masallatai a bakin tekun Jidda da jan bulo mai ɗaukar nauyin kansa, ɗaya daga cikinsu ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1989. Sami Angawi, ɗan Makka da ya kafa cibiyar binciken aikin Hajji a 1975, ya gina gidansa a arewacin Jidda da tsakar gida mai ruwa da rawashin, ya fuskantar da tagoginsa inda iskar arewa da ta yamma ke fitowa, don a rage dogaro da esi.

Inda aikin ke cijewa shi ne hannu. Farar ƙasa sai an ƙona dutse, an jiƙa shi, an bar shi ya kwana makonni a rami. In an shafa, sai an yi ta yayyafa masa ruwa don kada ya bushe da wuri ya tsage, sannan a jira kafin a ɗora shafe na biyu. Ɗan kwangilar da aka yanka wa wa'adi ba ya ƙaunar wannan jira, ga buhun siminti a kowane shago. Tsofaffin maginan da suka san dutsen manƙabi sun ƙaranta, kafintocin rawashin ma haka, shi ya sa hukumomin al'adu na Saudiyya suka buɗe ajujuwan koyar da sassaƙar katako da sauran sana'o'in gini na gargajiya a cikin unguwar kanta.