Sukari da lafiyar ƙoda

A Alakos, shayi sau uku ake sha a zama guda, kowane da nasa sukari.

Ƙoda ce ke tace jini, ta fitar da dauɗa ta fitsari. Yawan sukari na jawo ƙiba, ƙiba ta jawo ciwon sukari da hawan jini. Su ke ɓata jijiyoyin ƙoda sannu sannu, babu zafi. Wani sai ƙafa ta kumbura yake farga.

A 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babba kada ya wuce kamar giram 50 a yini, wajen ƙwaya 10 ke nan. Har zuma na cikin lissafi.

Rage sukari na kare ƙoda, amma ba ya maido wadda ta lalace. Mai ciwon sukari kada ya bar magani. Ya riƙa zuwa likitar Gure ana auna jininsa da fitsarinsa.