Wai Kowa Ne Ke Da Ciwon Damuwa Yanzu?

A satin da ya wuce muna hirar waƙoƙin soyayya, mu bakwai, sai uku a cikinmu suka ce suna fama da ciwon damuwa. Uku fa! Wani ya kwashe da dariya ya ce yayi ne kawai. Ni ban yi dariya ba, don ɗaya daga cikin ukun abokina ne, kuma na san ya yi wata biyu ba ya barcin kirki.

To me ya sa abin ya zama kamar ruwan dare a tsakaninmu?

Da farko dai ciwon yana da yawa da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kusan mutum miliyan 970. Idan ku tamanin ne a gidan kallo, lissafin ya ba da goma ke nan. Da ma suna nan, shiru suka yi, don a wajenmu da ka buɗe baki sai a ce aljanu ne, ko a fara yi maka barkwancin Dawanau.

Taurari sun taimaka wajen fasa shirun. Ku masoya fim ɗin Indiya kun san Deepika Padukone. A 2015 ta fito ta faɗa wa duniya tana da ciwon damuwa, kuma ya kama ta ne ba da jimawa ba bayan Chennai Express, lokacin da tauraruwarta ke haskawa. Mahaifiyarta ce ta lura da halin da take ciki. Kuɗi da suna ba su hana ba. Selena Gomez ma ta bayyana tata lalurar a 2020.

Akwai kuma abin da na lura da shi da kaina: wanda barci ya ƙaurace wa, wa yake nema da ƙarfe biyun dare? Waƙa da fim. Shi ya sa masu wannan hali suke taruwa a cikinmu, sai mu ga kamar kowa ne.

Amma gaskiya mun sassauta kalmar. Budurwa ta ƙi ɗaga waya, sai ka ji "na shiga damuwa." Wannan ɓacin rai ne, yana wucewa. Abin da likitoci ke dubawa daban ne: ƙunci kusan kullum na aƙalla sati biyu, abin da kake so da can ya daina yi maka daɗi, barci da cin abinci su rikice, wani har ya riƙa tunanin mutuwa. Faɗa da baki ba ya zama tabbaci, sai likita ya duba.

Abokin nawa, abin da ya tayar min da hankali shi ne ya daina jin waƙa kwata-kwata, mutumin da ba ya rabuwa da abin saƙalawa a kunne. Na samu yayansa na gaya masa. Ranar Litinin za mu raka shi asibiti.