Zoben gado: Zinariyar Yauri da sirrin duwatsun da ke kanta

A yankin Yauri da Ngaski da Shanga na jihar Kebbi, zinariya ba baƙuwa ba ce. Tun zamanin Turawa ake haƙar ta a kewayen Bin Yauri, kuma har gobe matasa na shiga ramuka da diga da shebur, suna wanke ƙasa a tasa suna neman rabonsu. A watan Yulin 2020 aka gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari sandar zinariya mai nauyin kilo 12.5 a ƙarƙashin shirin PAGMI na ƙananan masu haƙar zinariya, wanda aka fara gwajinsa a Kebbi da Osun. Babban Bankin Najeriya ya saye ta kan naira miliyan 268.

Sai dai zinariyar da ta fi shafar rayuwar iyali tana cikin akwatin uwargida: zobe da sarƙa da 'yan kunne na lefe, ko tsarabar Makka, ko gadon kaka. Su ne asusun mace ranar da asibiti ko kuɗin makaranta ya taso. A ranar ce kuma ake shan mamaki, domin mai saye kan cire duwatsun da ke kan zoben, ya auna zinariyar kaɗai.

Me ya sa dutsen ba ya kuɗi?

Mutane da yawa na ɗauka cewa duk zoben da ya tsufa dutsensa na asali ne. Ba haka abin yake ba. A 1902 wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Auguste Verneuil, ya bayyana hanyar ƙera jan yakutu ta narkar da garin sinadari a harshen wuta mai tsananin zafi. Cikin 'yan shekaru irin wannan yakutu ya cika kasuwannin Turai, kuma maƙera suka riƙa ɗora shi a kan zinariya ta gaske, wani lokaci ma a kewaye shi da ƙananan daimon na asali. Ke nan zobe na iya haura shekara 100, zinariyarsa mai kyau, amma jan dutsen tsakiyarsa ɗan masana'anta ne.

Wannan yakutu ba gilashi ba ne. Sinadarinsa da taurinsa ɗaya ne da na ƙasa, don haka karce shi ba ya raba gardama. Sai an sa madubin ƙara girma ake ganin layuka masu lanƙwasa da 'yan kumfan iska a cikinsa, alamun da ke tona asirinsa.

Daimon ma bai tsira ba. A 1954 kamfanin General Electric na Amurka ya ƙera shi a ɗakin gwaji, ko da yake na farkon masana'antu ne suka yi amfani da shi. Daga wajen 1976 kuma aka fara sayar da zikoniya, dutse mai arha da ke walƙiya kamar daimon. Shi ne galibi fararen duwatsun da ke kan gwala-gwalan da ake shigo da su a yau.

Abin lura kafin saye ko sayarwa

A fara duba lambar da aka buga a cikin zoben. Lamba 916 na nufin karat 22, 875 karat 21, 750 karat 18, yayin da 375 ke nufin karat 9, wanda ake yawan gani a tsofaffin zobban Ingila. Amma ana iya buga lambar ƙarya, shi ya sa maƙera ke goga zoben a dutsen gwaji su ɗiga masa asid.

Wajen saye, a tambayi nauyin zinariya ban da dutse, a kuma rubuta shi a rasit. Wanda ya biya nauyin zikoniya da farashin zinariya ya tafka asara tun a shago.

Wajen sayarwa, a nemi a dawo da duwatsun da aka cire. Idan zoben tsoho ne sosai, kada a yi gaggawar narkar da shi, domin idan daimon ɗinsa na asali ne, ko aikinsa na hannu ne na da, darajarsa na iya wuce ta nauyinsa. Haka ma wajen rabon gado: a sa masu gwaji biyu su ƙiyasta shi a gaban magada, don kada zobe ɗaya ya raba zumunci.

Zinariyar da ba a gani a shago

Can a bakin rami, masu haƙa kan kama zinariya da zaiba su ƙona ta, kuma hayaƙinta guba ne. Daka duwatsun ma'adinai a cikin gida ne ya jawo gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Ga ƙauyukan gaɓar tafkin Kainji, inda kifi ke ciyar da dubban gidaje, zaibar da ta gangara ruwa na iya dawowa cikin tukunyar miya.