Farantin Sola: Wuta Ta Gyara Shi, Zafi Na Rage Masa Ƙarfi

A Batsari da Safana, farantin sola ne ke jawo mana ruwan burtsatse, shi ke yi mana cajin waya. Ko mun san sai da aka gasa shi kafin ya iso mana?

Da silikon ake yin sa. Idan aka yanka silikon falle-falle, ƙwayoyin zarran da ke samansa kan rasa abokan riƙo, sai su riƙa tare lantarki. A masana'anta ana gasa fallen a zafin digiri 850 ko kusa da haka, zarra su motsa, fosfaras ya kutsa ciki. Daga baya a shafe samansa, a sake gasawa, haidirojin ya toshe guraben nan. Kamar dai yadda maƙeri ke gyara ƙarfe da wuta.

Amma a kan rufi, zafi ɓarna yake yi. Duk digiri ɗaya sama da 25 na cinye kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. Don haka kada mu bari a manna faranti da kwano. A bar wa iska hanya, musamman da bazara.