Karatun jigilar kaya a jami'a: aikin madugu ne ya koma takarda

Jama'a masu sauraronmu na Fachi da ƴan'uwa da ke ƙetare, tun da sakamakon bak ya fito ake tambayarmu a kan wannan karatu da ake kira lojistik, wato tsara tafiyar kaya daga inda aka samo su har hannun mai saye, ko da sun ratsa ƙasa biyar. Wasu iyaye ma cewa suke, "ai direban kamiyo za a maida mana yaro." Ba haka ba ne.

Mu nan aikin ba baƙo ba ne gare mu. Kowace shekara, damina na wucewa, ayarin raƙuma ke tasowa daga Ayar, ya ratsa Tenere da gero, ya koma da kantu da beza da dabino, har kasuwannin Damargu da ƙasar Hausa. Madugu tun kafin a ɗaura kaya ya gama lissafinsa: kwana nawa tsakanin rijiya da rijiya, damin ciyawa nawa kowane raƙumi zai ci, nawa za a aje a hanya don komowa, mudun gero nawa zai tashi kantu guda. In ya yi kuskure, raƙumi ke mutuwa. To wannan lissafi shi ne ƙashin bayan karatun.

Abin da jami'a ke ƙarawa shi ne takarda da doka: yadda ake fiddo kwantena daga tashar jirgin ruwa, kuɗin duwan, inshora, canjin kuɗi tsakanin sefa da dala, da yarjejeniyar da ke faɗin wa zai biya in kaya sun lalace a teku, mai saye ko mai saidawa. Sai lissafin ajiya a kwamfuta, don kada sito ya cika da abin da ba a nema.

Kowa ya ga amfaninsa bayan 26 ga Yulin 2023. Da CEDEAO ta sa takunkumi aka rufe iyakar Benin, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano sai suka koma tashar Lome, suna ratsa Burkina Faso da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, jira ya yi yawa, shinkafa da magani suka yi tsada. Mu da ke ƙarshen hanya, bayan Agadas, mu muka fi ji a jikinmu, don kowane tsaiko sai an ɗora shi a kan farashinmu.

Lisansi shekara 3 ce bayan bak, masta kuma 2. Mai sha'awar Najeriya, akwai cibiyar fasahar sufuri ta NITT a Zariya tun 1986, da sabuwar jami'ar sufuri ta Daura, amma fa da Ingilishi ake koyarwa, sai yaro ya shirya harshensa. Aiki kuwa ana samunsa wajen masu fiton kaya, kamfanonin ma'adinai da mai, da ƙungiyoyin agaji masu kai abinci ƙauyuka.

Ƴan'uwa masu aiko kuɗin makaranta, kafin ku biya ku tambaya ko gwamnati ta amince da takardar makarantar, kuma ko tana tura ɗalibai koyon aiki a tasha ko sito. Wadda ba ta yin haka, a nemi wata.